Masinjan da Ya Karanta Sheƙa

Shekara talatin da ɗaya, kafin kowa ya iso tashar binciken tsuntsaye, Baba Mai Sheƙa ya riga ya share ɗakin ajiya, ya bi gindin itatuwa yana tsintar sheƙar marai da iska ta kaɗo. A takarda masinja ne, bokonsa bai wuce sa hannu ba. Amma miƙa masa sheƙa ka sha mamaki. Juyi ɗaya zai yi mata ya faɗa maka wane irin marai ya saƙa ta, gwani ne ko ɗan koyo. Matarsa kan ce, "Malam, da ka san sunayen jikokinka kamar yadda ka san tsuntsayen nan, da mun huta."

Direban tashar har yau yana ba da labarin abin da ya gani bara waccan. Manoma sun kawo kukan tsuntsaye sun yi musu ɓarna. Sabon Dakta, shugaban tashar, ya hango garken tsuntsaye a itatuwan bayan tasha, ya ga matansu duk ruwan ƙasa ne kamar na jan-baki, ya rubuta cewa jan-baki ne masu cinye gona, a yi musu feshi. Makullin ɗakin magani kuwa yana aljihun Baba, wanda saura shekara biyu ya yi ritaya.

Da Dakta ya ce ya buɗe, sai Baba ya ce, "Ranka ya daɗe, ba zan buɗe ba."

"Baba, ka san wannan kora ce?"

"Na sani. Ba ni minti biyar, sannan ka kore ni."

Baba ya ajiye sheƙa biyu a kan tebur. "Wannan ta jan-baki ce, ƙarama, saƙar gaggawa, ƙofa a gefe. Wannan kuwa ta marai ce, yau na tsinto ta a bayan tasha. Dubi ƙofarta a ƙasa, dubi ƙullin. Dangi ɗaya ne, amma ai ba a dukan ƙane da laifin wa. Masu ɓarnar sun ci sun wuce."

Dakta ya miƙe. Ya tafi gindin itatuwan ya daɗe yana kallon sama, ya dawo ya yage takardar.

Baba, abin naka yana ba ni tsoro da sha'awa. Kai ne ka karanta ciyawa inda masu digiri suka yi tuntuɓe. Sunanka bai shiga littafi ko ɗaya ba, alhali rabin abin da ke cikin akwatunan ɗakin nan idonka ne ya rarrabe shi. Mun gode, Allah Ya saka da alheri. Mu kuma da aka damƙa wa makullai, mu koyi dubawa kafin mu buɗe.

Ranar bikin sallamarsa, a gindin itatuwan aka jera kujeru. Dakta ya miƙe da dogon jawabi, amma hayaniyar marai ta hana kowa jin ko kalma ɗaya. Ya naɗe takardarsa ya ce, "Baba, na bar musu. Sun fi ni sanin abin da ka yi."