Igiya Mita Uku

Shekara talatin da ɗaya Baba Jiniya ya yi yana tuƙa motar asibiti, kuma har ya ajiye aiki bai yarda wani abu mai taya ya kwana a gidansa yana kallon bango ba. Keken jikoki, baron kwasar shara, kai har takalmansa na bakin ƙofa, duk hancinsu waje yake duba. Matarsa takan ce da yana da iko, ita ma da baya za ta riƙa shiga ɗaki.

Dalilin kuwa, kowa a gidan ya haddace shi. A shekararsa ta farko ya taɓa cusa motar da kai a bayan ɗakin magani, sai aka kira shi ɗauko wata mai naƙuda. Minti huɗu ya ɓata yana juyi tsakanin tankin ruwa da katanga. Uwa da ɗa sun rayu, amma likitan ya dube shi ya ce, "Direba, da ka ƙara biyu, da ba wannan maganar muke yi ba."

Mutum ɗaya ce ta gagare shi: autarsa, ungozoma a asibitin da ya bari, wadda yake kira Uwata don sunan mahaifiyarsa ta ci. Tun da aka yi wa mijinta canjin wurin aiki ta dawo gida da yaranta biyu. Kullum da kai take shiga rumfar mota. In aka kira ta da gaggawa, sai ta fito da baya tana gumi, Baba na tsaye yana kallon agogo kamar mai jin ciwon haƙori.

Da ta sayi mota mai amfani da lantarki, ya zagaya ta sau biyu ya ce, "Wannan ai firji ne aka sa wa taya."

"Firjin ne dai zai riƙa kai ka duba hawan jini. Baba, gobe mai haɗa wuta zai zo da samfurin cajar da ake kafawa a bango. Ina wurin aiki, a mota ta asibiti zan tafi. Ka zaɓa mini, kai ka san mota."

Ba ta lura da yadda idonsa ya yi haske ba. Matarsa ta lura.

Mai haɗa wuta ya iso da hantsi, ya baza takarda mai hotuna a kan benci. Ya fara da wadda ake sarrafawa da wayar hannu.

"Wannan, Baba, daga kan gado za ta ga ko ta cika."

"In wayar ta mutu fa?"

"Sai a... to, akwai maɓalli."

"To ka fara da maɓallin. Wannan ta biyun, ina igiyarta?"

"A but ɗin mota ake ajiyewa. A ɗauko, a jona nan, a jona can."

"Ana ruwa, an kira ka, hannunka ɗaya na riƙe da jaka, ka tsaya naɗe igiya kana buɗe but? Wuce."

Ta ukun mai igiya ce a jikinta, da ƙugiyar ratayewa. Baba ya sa aka fito da kan igiyar daga kwali, ya jona a motar, ya cire da hannu ɗaya, ya sake, har sau biyar. Sannan ya ja mutumin zuwa wurin mitar wuta ya tambaye shi ko wutar gidan za ta ɗauke ta alhali firiza da injin ruwa suna aiki. Mutumin ya duba ya ce sai an ja mata layinta daban. Baba ya gyaɗa kai; nan ya fara ganin girmansa.

"Saura tsawo," in ji mai haɗa wuta. "Akwai mita uku, akwai goma. Ni dai goma nake ba mutane shawara. Ko ta yaya aka ajiye motar, za ta kai."

"Ko ta yaya?"

"Ko ta yaya, Baba."

Baba ya leƙa bakin cajin motar, yana can baya kusa da fitilar hagu. Ya taka daga bangon ƙuryar rumfar yana ƙirga sawu, ya dawo.

"Mita uku. A bangon ƙurya."

"Ai in ta shigo da kai ba za ta kai ba."

"Ɗan nan, ka iya aikinka. Kafa."

Matarsa na bakin taga tana tsince wake. "Malam, ka ji tsoron Allah."

"Shi nake ji."

Da la'asar autar ta dawo ta tarar an kafa cajar, ta shiga motar ta zagaya layi don ta gwada, ta shigo da kai kamar kullum. Ta ja igiya, igiya ta tsaya daidai ƙofar gaba. Ta ƙara ja. Ta tsaya ta dubi igiyar, ta dubi bangon, sannan ta dubi ubanta da ke kan benci ya buɗe jarida ya rufe fuska.

"Baba, babu doguwa ne?"

"Akwai."

"Tsada ta yi?"

"Ban tambaya ba."

"Wato tarko ka ɗana mini da kuɗina."

"Ke kika ce na san mota, Uwata."

Muryarta ta sauka. "Ban iya ba ne, Baba. Ginshiƙin rumfar nan tsoronsa nake ji. Sau biyu ina goge tsohuwar motar a jikinsa."

Ya ninke jaridar. Shekara shida yana mata faɗa, bai taɓa kawo wa ransa cewa ba taurin kai ba ne.

"To me ya hana ki faɗa?"

"A gaya wa Baba Jiniya 'yarsa ba ta iya ribas ba?"

Ya tashi ya je ya dafa ginshiƙin da tafinsa. "Fita ki dawo. Kar ki kalli allon nan na gabanki, madubin hagu za ki kalla. In kin ga hannuna, karya kan motar duka. In za ki goge wani abu, ni za ki fara gogewa."

Ranar sau tara suka yi. Washegari shida. Matarsa ta ce tun da aka haifi yarinyar ba ta taɓa jin ya yi mata magana a hankali haka ba.

Ran nan ana tsakiyar cin abincin rana wayar autar ta yi ƙara: tagwaye, na biyun ya zo a gicciye. Ta suri jaka, ta cire igiya da hannu ɗaya ta rataye, motar ta sulale ta fice ba ko tari. Baba na tsaye riƙe da ƙyauren get, idonsa a kan agogo.

"Nawa?" matarsa ta tambaya daga taga.

"Daƙiƙa arba'in."

"To sai ka zo ka ƙarasa abincinka."

Bai zo nan take ba. Sai da ya koma rumfar ya gyara wa igiyar zama a kan ƙugiyarta, ya juya kanta yana kallon waje.