Akwatin Bamanga

Bamanga ya yi shekara goma sha biyar yana tura keken marasa lafiya a wani asibiti a Gombe, tun kafin a ba da mulkin kai. Ko allura bai iya ba. Abin da ya iya shi ne tsayawa a bakin ƙofar ɗakin gashin ƙashi yana leƙe, ya ga ana manna wa mutum waya a cinya, tsoka tana harbawa. Daga wannan leƙen ya yanke wa kansa cewa ya gama karatun likita.

Shekarar da kuɗin fetur suka cika gari, ya ajiye aiki, ya hau jirgin ƙasa, ya dawo da wani baƙin akwati mai batir da wayoyi biyu. Ya kama shago a unguwar Arawa, ya ɗinka farar riga har gwiwa, ya sayi tabarau alhali idonsa garau. Duk wanda ya kira shi Malam sai ya ɗaure fuska, sai an ce Dokta.

Cikin waɗanda aka kawo masa har da Alhaji Joda, dillalin auduga, wanda ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Bamanga ya kwantar da shi a benci, ya jiƙa auduga, ya manna waya, ya murɗa. Ƙafar da ta yi wata uku ba motsi ta zabura. 'Ya'yan Alhaji suka yi kabbara. Bamanga ya gyara tabarau ya ce, "Na tashi ƙwaƙwalwar. Kada ya wahalar da kansa, ya kwanta kawai, akwati zai yi komai."

Sati shida ana kawo shi a mota ana mayarwa kamar buhu.

Wata ranar Talata sai suka zo da maƙwabciyarsu, Sista Lois, tsohuwar nas wadda ta san Bamanga tun yana wanke tasar fitsari. Bamanga ya dake. Ya murɗa akwati fiye da kullum, ƙafa ta yi tsalle.

Sista Lois ta ce, "Malam Bamanga, kashe abin nan." Ya kashe. Ta juya ga mara lafiya. "Alhaji, ɗaga mana ƙafar da kanka."

Dattijo ya yi nishi har gumi ya keto masa. Ko yatsa bai motsa ba.

"Yau jijiyar ta gaji ne," in ji Bamanga.

Sista Lois ta ce masa, "Zauna a kujerar can, ka saki ƙafarka." Ya zauna don kunyar idon mutane. Ta ɗauki cokalin shayinsa ta ƙwanƙwasa ƙasan gwiwarsa. Ƙafarsa ta harba, takalmin ya fice ya daki garwar ruwa.

"Kai ka sa ta harba?" in ji ta.

Bamanga ya miƙe ya ɗauko takalminsa.

"To, ka gani. Saƙon ya je lakar bayanka ne ya dawo, kanka bai ma sani ba sai daga baya. Wutarka kuma tsoka take fizga. Naman da mahauci ya yanka yanzu ma yana rawa. Na'urar tana da amfani, amma sai mutum yana yunƙuri da kansa lokacin da take aiki, kullum, har kai ya sake gane hanya. Kai kuwa ka ce masa ya kwanta."

Ba su sake kawo Alhaji ba. Sista Lois ta kai shi wajen masu gashi na gaskiya, ta kuma sa aka ɗaura gora a tsakar gida, yana kamawa yana jan ƙafa safe da yamma, yana faɗuwa ana tayar da shi. Bayan damina biyu ya fara zuwa masallaci da sanda.

Ranar da ya wuce ta gaban shagon yana ɗingishi, Bamanga na zaune a inuwa cikin 'yan hira. Ya miƙa leɓe wajen dattijon, ya ce da ƙarfi yadda kowa zai ji, "Kun ga wancan? A kwance aka kawo mini shi."