Wutsiyar Motar Baffa Auta

A gidanmu na Tambuwal, daren damina ya fi kowane dare daɗin tatsuniya. Da an idar da sallar isha'i sai mu cika madafi, kakarmu Inna Kulu tana kan 'yar kujerarta tana juya masara a garwashi, mu kuma muna miƙa ƙafafu wajen wuta. 'Yar Kebbe ce, aure ne ya kawo ta, shi ya sa duk kurar da ke cikin labaranta a dajin Kebbe take kwana. Mukan ji tsoro, amma irin tsoron nan mai daɗi da yaro ke ji yana jingine da cinyar kakarsa. Sau ɗaya ne tsoron ya zama na gaske.

A shekarar, autan Inna, wanda muke kira Baffa Auta, ya dawo daga Kwatano inda yake sayo motoci. Ya zo da wata jar mota mai ƙofa biyu, gajeriya kamar za ta lashi ƙasa. A bayanta akwai wani fiffike da ke kwance lamo, sai ta ɗauki gudu sosai yake tashi da kansa, idan ta lafa ya koma ya kwanta. Baffa ya ce aikinsa shi ne ya danne motar ta kama titi. Mutanen gari suka sa masa suna wutsiya.

Da bakinsa ya tona kansa, domin ya bi majalisa-majalisa yana wannan bayani. Daga nan kowa ya zama ɗan rahoto. Ɗan kabu-kabu zai sauke fasinja a ƙofar gidanmu ya leƙo ya ce, "Inna, yau mun ga wutsiya ta tashi wajen Dogon Daji." Rannan ta kira shi gabanmu.

"Auta, in dai ni na haife ka, kar in ƙara jin wutsiyar ga ta tashi."

"To, Inna," ya ce, kansa a ƙasa.

Bayan 'yan kwanaki ya je Sakkwato, ya dawo wutsiya tana tsaye ƙiƙam, ko da motar tana ajiye a inuwar dogonyaro. Ya ce wa Inna lalacewa ta yi, ta ƙi kwanciya. Yayana Bashir, wanda ya raka shi, ya raɗa mini cewa bakanike ne ya ɗaure ta da noti. Inna dai ta daɗe tana kallon motar ta ƙofar zaure. 'Yan rahoto kuma suka daina zuwa, don babu sauran abin da za su gani.

Wata Alhamis bayan la'asar Baffa ya ɗauki Bashir za su gaida abokinsa a Dogon Daji, ya ce kafin magariba sun dawo. Aka yi magariba, aka yi isha'i. Wayarsa ba ta shiga. Yayyafi ya fara, babanmu ya kasa zama, sai shiga da fita yake. Mahaifiyarmu tana bakin ɗakinta da carbi. Inna ta tara mu a madafi kamar kullum, sai dai masarar tana ƙonewa ba ta juya ta ba.

"Ku matso, ga wata ta zo," ta ce.

"Ta shigo, muna ji," muka amsa a hankali.

Ta ba mu labarin wani tsohon makiyayi a dajin Kebbe mai farar saniya, jagorar garke. Ita wannan saniya da ta ji warin kura sai ta ɗaga wutsiya sama. Tsoho kuwa kullum yana bisa tudu yana hangen garke, da ya ga farar wutsiya sai ya ƙwala kira, ɗansa ya koro shanu gida. Ɗan ya gaji da kiran, domin shi can cikin ƙurmi yake so, inda ciyawa ta fi tsawo. Sai ya samo igiya ya ɗaure wutsiyar a ƙahon saniya, ta tsaya sama dare da rana. Tsoho ya yi kira, aka zo, ba kura. Ya sake kira, ba kura. Daga baya ya daina hawa tudun.

A nan Inna ta rage murya har sai da muka jiyo ɗigar ruwa a kan kwano.

"Rannan yaro yat tafi can cikin ƙurmi. Saniya taj ji wari. Ta yi, ta yi ta ɗaga wutsiya ta yi gargaɗi, ina! Wutsiya tana sama tun tuni, babu abin ɗagawa. Tana kallon yaro, hawaye na zuba, shi ko shina busa sarewa. Ciyawa na motsi bayanshi. Sharaf... sharaf..."

Ƙanwata Asabe ta ƙanƙame ni. "Inna, ta cinye shi?"

Kafin ta amsa muka ji babur ya tsaya a ƙofar gida, aka kashe shi. Wani ya yi sallama da muryar da ba mu sani ba, ya ce yana son ganin maigida. Inna ta miƙe, zanenta ya taɓa garwashi, ni ce na kakkaɓe mata shi.

Baƙon ya faɗa wa babanmu cewa shanu ne suka tsallaka titi cikin yayyafi, Baffa ya kauce musu a guje, motar ta yi ta juyi har cikin gonar gero. Allah ya yi da sauran kwanansu. Baffa ya yi watanni a kwance, Bashir kuwa har yau yana jan ƙafar hagu. Inna ta ci gaba da yi mana tatsuniya har ƙarshen rayuwarta, amma duk roƙon da muka yi ba ta ƙarasa ta farar saniya ba.

Na daɗe ina zaton gudu kawai take tsoro. Sai da na haifi nawa na gane abin da Baffa ya ƙwace mata: hanyar da za ta san lokacin da ɗanta yake cikin haɗari, ta kira shi tun da sauran dama. Yanzu 'yata tana karatu a Sakkwato. Idan na kira ta ta yi mini ƙorafin abinci ko ta yi kukan jarrabawa, barci nake yi har da minshari. Amma idan aka jera makonni amsarta ɗaya ce, "Lafiya lau, Mama," da murya ɗaya, ba hawa ba sauka, ba na jiran gari ya gama wayewa. Mayafina nake ɗauka in nufi tasha.