Tafin Hannun Kawu Ɗanjuma

Kun dai san Kawu Ɗanjuma, ba ya gaisawa da masu gida sai ya leƙa bututun kicin ɗinsu. Yana yin sallama zai wuce ciki, ya durƙusa, ya shafa, sannan ya ɗago ya ce, "To, ina wuni?" Ranar sunan jikar Hajiya Rabi a unguwar Gorton ma haka ya yi, da babbar rigarsa, ya fito yana cewa, "Wanda ya yi muku wannan aiki ba ya tsoron Allah!"

Tun yana saurayi a Kumasi yake lanƙwasa bututu, kuma guntu ba ya zuwa shara a gidansa. Da likita ya ce ya fara riƙe sanda, sai ya haɗa tasa da jan ƙarfe. "Ta likita roba ce a ƙasa," in ji shi, "tawa har jikoki."

Ni ɗan ƙanwarsa ne, kuma shi ya ceci aikina. Wani kamfani a unguwar Aston ta Birmingham ya ɗauke ni gwajin wata uku, aka ba ni tsara style na bututu a manhajar zane, wato dokokin da kwamfuta za ta bi ta zana hanyar bututu da kanta: kaurinsa, irin gwiwarsa, yadda zai lanƙwashe. Sau biyu maƙeran kamfanin suna dawo da zanena. Manaja ya ce na uku sallama ce. Wallahi na tsorata.

Ranar Asabar sai ga Kawu a Birmingham da sandarsa.

"Injiniya, nuna min abin kunyar." Ya ƙura wa zanen ido. "Tsakanin wannan lanƙwasa da waccan, me ka bari?"

"Kawu, default ne, software ɗin ne ya saka."

"Shi Default ɗin ya taɓa riƙe bututu? Injin lanƙwasawa a ina zai kama? Kai!" Ya manna tafinsa a fuskar kwamfutar. "Ƙaramin bututu, tafi ɗaya. Babba, biyu."

Na roƙe shi milimita, ya ce shi bai san ta ba. Dole na ɗauko rula na auna hannunsa, na shigar a gurbin mafi ƙarancin tsayi. Ya kuma kafe sai an sa wa tsarin sunansa.

Ranar Laraba shugaban maƙera ya hauro ofishinmu da kansa yana tambaya, "Who's Danjuma?" An lanƙwasa komai, ko ɗaya bai dawo ba. Aka tabbatar da ni! Da na kira Kawu ina ihu, cewa ya yi, "Ka ce wa kwamfutar kada ta damu, yarinya ce, za ta koya."

Bara ya rasu. Har yau Turawan ofishinmu Danjuma 1 na ƙaramin bututu da Danjuma 2 na babba suke zaɓa, ba su san faɗin hannun wani tsoho suke aiki da shi ba. Ni na sani, kuma ina kewarsa. Allah ya jiƙan Kawu, ya yalwata masa makwancinsa, ya hutar da hannuwan nan.