Ruwan Daren Juma'a

Shekarar da aka ce za a zuba bayanan ruwan sama na yankinmu duka a rumbu ɗaya, ni ne malamin gona a Tambuwal, kuma ni kaɗai na iya kwamfuta a ofis, don haka nake tafiya kamar ni na ƙera ta. Aikina shi ne in tattara littattafan masu awon ruwa na ƙauyuka, in shigar da su yadda za su yi magana da abin da tauraron ɗan'adam ke gani daga sama. Wanda littafinsa ya dace da tauraro a riƙe shi, wanda ya saɓa a sallame shi.

A Kebbe akwai wani dattijo, limamin unguwa, da ke da gwangwanin awo a bayan gidansa tun ina makarantar firamare. Littattafansa tsaf, ko gogewa babu. Amma da na shigar da su, na'ura ta yi ta jan layi ja. Tauraro ya ce an yi ruwa Alhamis, shi ya rubuta Juma'a. Tauraro ya ce Lahadi, shi Litinin. Na ce tsoho ya gaji, zama yake a zaure yana cike takarda da ka. Na san wannan sana'ar sarai, domin nawa littafin na Tambuwal ran Litinin nake cike shi gaba ɗaya, ina tambayar maigadi yaushe aka yi ruwa. Na rubuta wa tsohon takardar sallama da Turanci mai kyau, har na ba abokan aiki su karanta.

Damina guda ta wuce kafin wata hidima ta kai ni Kebbe a kan babur, na biya in gaishe shi. Ya sa aka kawo mini fura, bai ɗaga maganar ba sai da ni na ɗago ta, ina yi masa bayanin tauraro kamar mai koya wa yaro baƙi. Ya saurara har na gama.

"Ɗana," ya ce, "ruwan da yas sauka bayan Magaribar Alhamis, mi kuka ce mai a gidanku?"

Na ce daren Juma'a.

"To, shi nika rubutawa."

Kunya ta rufe ni. Tun ina goye na san rana daga Magariba take farawa, ko azumi da haka muke ɗauka, amma da na zauna gaban na'ura sai na koma mutumin sha biyun dare. Ga shi ruwan wajenmu ya fi son farkon dare.

Da na koma ofis na matsar da ruwan bayan Magariba baya da kwana ɗaya, layukan ja suka watse. A duk yankin babu littafin da ya bi tauraro kamar nasa. Nawa ne ya zo na ƙarshe, kuma ba wanda ya rubuto mini takarda.

Na sake komawa Kebbe na ce Baba ya yafe, ya ci gaba da awo. Ya yafe nan take. Na roƙi littafin daminar da ta wuce in cike gurbi, sai ya nuna mini gwangwanin a tsakar gida, kaji suna shan ruwa a ciki. Ya ce an rubuto masa cewa ba a yarda da shi ba, shi kuwa bai saba ba da shaida inda ba a karɓa ba.

Yau masu bincike daga ƙasashen da ban taɓa zuwa ba suna buɗe rumbun, suna tarar da Kebbe babu komai a waccan daminar. Wasu sun rubuto suna tambaya ko gwangwanin ne ya lalace. Har yanzu ban ba su amsa ba.