Tsohuwar da Ta Ƙi Farin Zanin Gado

Abu na farko da aka koya mana a makarantar jinya ba allura ba ce, gyaran gado ne. Na je da niyyar in ga jini in ɗinke mutane, sai aka miƙo mini zanin gado aka ce in shimfiɗa. Na shimfiɗa, malamar ta shafa da tafin hannu, ta yaye, ta ce in sake. Haka muka yi ta fama har na fara zargin ko a gidanmu ma ban taɓa kwanciya daidai ba. Ba a kakkaɓe zani a ɗakin marasa lafiya, don abin da ke jikinsa zai tashi ya sauka kan na kusa. Mai datti kuma ba a rungumarsa a ƙirji, ba a yar da shi ƙasa. Naɗe shi ake yi, dattin a ciki, a jefa a kwando. Sai a goge robar katifa, a bari ta bushe, a ja sabon zani har ya miƙe sumul, a cusa kusurwoyi. Tun ina jin haushi har abin ya zame mini jiki. Yanzu ko gidan biki na je na ga gado a yamutse, sai hannuna ya yi ta ƙaiƙayi.

Da aiki ya kawo ni Jibiya aka sa ni a ɗakin mata. Marasa lafiyarmu rabi na nan ne, daga Magama da Gangara da Farfaru, rabi kuma daga tsallaken iyaka. Amma a wajen ɓoye kaya ƙarƙashin katifa duk ƙasa ɗaya ce. Na ciro goro, na ciro laya, na ciro ƙuli-ƙuli da tururuwarsa. Wata rana ƙwan zabi na tarar a cikin rigar matashi, mai shi ta ce sanyin ƙasa take gudar masa.

A tsakiyar zafin bazara aka kawo wata tsohuwa daga wani ƙauye kan hanyar Maraɗi. Ɓarin jikinta na hagu ya shanye, amma bakinta lafiya lau. 'Yarta ce ke jinyarta, mace ce da ta manyanta, mai kawo yakuwa da ɗanwake kasuwar Jibiya, ba ta da yawan magana. Na gyara gado tsaf, na taka birkin tayar gadon, muka kama tsohuwar za mu ɗora ta. Tana ganin zanin ta damƙi ƙarfen keken da aka turo ta a kai da hannunta mai lafiya.

"Mi ne ne wanga?"

"Zanin gado ne, Inna."

"Hwari?"

"Fari. Yanzu aka kawo shi daga wanki."

"To ki mai da shi inda anka wanko shi. Ban mutu ba tukuna."

Na yi lallashi, na yi bayani, daga baya na sha mur. Ko gezau. Akwai wasu suna jirana, don haka na bari 'yar ta rufe farin da zannuwan uwar, na ce a raina gobe ma rana ce ta aiki, za ta gaji ta haƙura.

Ba ta gaji ba. Zannuwan nan kuwa tsofaffi ne, wani da ɗinki a tsakiya, wani da ado mai kauri a baki, an ninka su an jibga. Ga zufa, ga robar katifa, ga mutum ba ya iya juya kansa. Duk safiya in na zo sai in tarar sun tattare a ƙarƙashinta kamar igiya. Ranar da muka juya ta na ga jan tabo a ƙashin bayanta da kan ƙugu, na danna da yatsa, launin bai gushe ba. Wannan shi ne farkon gyambon kwanciya. In ya buɗe a jikin tsohuwa irin wannan, a wannan zafin, rami yake zama, kuma na ga inda yake kai mutane.

Raina ya ɓaci, ban kuma ɓoye ba. Na zagayo inda fuskarta take na ce, "Inna, bayanki zai fashe. Ba farin zani ne zai kashe ki ba, waɗannan tsummokaran ne."

'Yar ta sunkuyar da kai. Tsohuwar ta dube ni sama da ƙasa.

"Ɗiyata, kin san aikina?"

"Ban sani ba."

"Ni ka wanke matan garinmu in sun cika. Ni ka yanka masu likkahwani, ni ka naɗe su. Ke za ki gaya mini hwarin ƙyalle zanen kwana ne?"

Ta ce mai wanka ba ta faɗin abin da ta gani a jikin gawa, in ba alheri ba ne, don haka ba za ta kira sunan kowa ba. Amma ta sha wanke waɗanda aka dawo da su daga likita, wato asibiti a bakinsu na can, ta ga bayansu a rarake, sai an cusa auduga kafin a naɗe. Duk kuma a kan farin zani suka kwanta. Ita mutuwa ba ta dame ta ba. Abin da ba ta so shi ne matan da ta koya wa wanka su juya ta su ga haka, su yi shiru, su riƙe abin a cikinsu har tasu ta zo.

Na ji tausayinta, na kuma ji tsoro, domin hanyar da ta bi don guje wa abin ita ce ke kai ta gare shi. Na ɗauko bakin zaninta na murɗa, na ɗora a bayan hannunta mai lafiya, na danne na ɗan lokaci, na ɗaga. Ta ga shatin da ya fito. Na ce, "Wannan ne, Inna. Ninki da jiƙa da daɗewa a gefe ɗaya. Launi ba ruwansa."

"In ba ruwanshi, ki kawo wani launin mana."

Da wannan na tafi wajen babbar sista. Ta ce dokar fari ba don ado aka yi ta ba, fari ne ke nuna datti da jini tun da wuri, kuma shi ke jure ruwan bilic. Gaskiya ta faɗa. Na ce a sa fari a ƙasa, atamfa a sama. Muka gwada. Tsohuwar ta leƙa gefen gado ta ce, "Na ga kunnenshi." Sista ta zo da kanta ta duba jan tabon, ta daɗe tana kallo, sannan ta gindaya sharuɗɗa: atamfa ta auduga, mai haske, marar ɗinki a tsakiya, a wanke ta a wajen wankinmu, a goge da dutsen guga mai zafi, kuma in wata ta ce ita ma shuɗi take so, ni zan amsa.

'Yar ta hau ɗan kabu-kabu ta tsallaka gida, ta dawo da turame da yamma. Ta ce 'yan duwan, wato kwastam na can, sun tambaye ta ko fatauci ta fara. Masu hasken da ta samu duk na wani tsohon zaɓe ne na can, ruwan ɗorawa, da fuskar ɗan takara yana murmushi a kowane taku. Na tambayi tsohuwar ko wannan ya yi mata.

"Ya ci ko ya hwaɗi?"

'Yar ta ce ya faɗi.

"To, shimhiɗa."

Daga nan aiki ya hau hanya. Mu wanke hannu, mu sa safar hannu, mu ɗaga ƙarfen gado na gefe ɗaya, ni da 'yar mu juya ta a tare, ba ja ba, ɗagawa. In naɗe mai jiƙa zuwa tsakiyar bayanta, in goge roba, in shigar da sabon, mu mirgina ta kansa, in zagaya in ja har fuskar ɗan takarar ta miƙe, ba ko ninki ɗaya a goshinsa. Matashi tsakanin gwiwoyi, wani a ƙarƙashin ƙafa don kada diddige ya taɓa katifa. Na hana cin ƙuli-ƙuli a kan gado, abin da ya jawo mini gaba ta yini guda. Tana kwance tana bin hannuna da ido in ina cusa kusurwa. Wata rana ta ce, "Hannunki na da kyau wajen naɗi. Da a garinmu kike da na koya miki aiki." Na ce na gode, wanda nake yi ma ya ishe ni.

Jan tabon ya dusashe a hankali, fatar ba ta buɗe ba. Hannu da ƙafa dai ba su dawo ba, likita ya ce a tafi gida a ci gaba da kula. Kafin su tafi na sa 'yar ta yi ta gyara gadon a gabana, ina shafawa ina yayewa ina cewa ta sake, har ta fara kallona yadda nake kallon malamarmu. Tsohuwar ba ta yi mini dogon sallama ba. Cewa ta yi in rage faɗa, yana tsufar da mace.

Bayan an girbe gero, wata ranar kasuwa, ina cikin canja wa wata mai ƙuna zani sai na ga 'yar a bakin ƙofa. Ta jira har na gama na wanke hannu. Muka gaisa, na tambayi mai jiki.

"Inna ta cika, tun kahin a yi girbi."

Na yi mata ta'aziyya. Na zaci shi ke nan, amma ba ta motsa ba.

"Wadda ta yi mata wanka ce ta aiko ni. Ta ce alheri ana hwaɗinshi. Ta ce in gaya wa ɗiyar nan ta likita, sun juya ta, bayanta sumul, ba su cusa auduga ko'ina ba."

Na ce alhamdulillahi. Ta ce za ta koma kada a tashi kasuwa. Na raka ta da ido har ƙofa, sannan na juya ga gado na gaba, wanda aka sallami mai shi da safe. Na goge roba, na ɗauko farin zani, na daɗe riƙe da shi a ninke kafin in shimfiɗa.