Mai Gyaran Gilashin da Ya Ƙi Kare Kansa

Wata uku ke nan wata magana tana yawo a zaurenmu na waya, inda mu masu sha'awar ɗaukar hoton tsuntsaye da duwatsu da namun daji muke tura wa juna abin da muka samo. Wai Mai Gyara, wanda yake gyara mana kyamarori, ya tsufa, hannunsa ya fara rawa, ya lalata wa Tsohon Alƙali dogon gilashin kyamararsa. Kafin mako ya zagayo maganar ta yi ƙiba: wai ba lalatawa ya yi ba, kwashe gilasan ciki ya yi ya zuba na banza. Na tambaya wa ya gani. Aka ce, "Haba Malama, ai kowa ya sani." Shekara talatin da huɗu na yi ina koyar da kimiyya, ban taɓa ba ɗalibi maki a kan "kowa ya sani" ba. Maganar ta hana ni zama wuri ɗaya, sai na ɗauki sandata na fita.

Bari ku fara sanin mutumin. Shagonsa wani siririn ɗaki ne a saman bene, taga ɗaya gare shi. Ƙarfe bakwai na safe yake buɗewa. Kafin ya yi shara sai ya yayyafa ruwa don kada ƙura ta tashi, ya wanke hannu har gwiwa, sannan ya kashe fanka. Komai zafi, in dai akwai gilashi a buɗe a kan teburinsa, fanka ba ta juyawa, sai dai ya ɗaura tsumma a goshi ya tare gumi. Ƙananan kusoshin da yake kwancewa, waɗanda ba su kai ƙwayar gero ba, yana jera su a farantin ƙwai, kowace a raminta, bi da bi yadda ya cire su. In ka shigo ka yi sallama yana cikin aiki, yatsa zai ɗaga maka, domin hucin baki ma yana ɓata masa gilashi. In ya gama haɗawa sai ya je taga ya auna wata lamba da ke jikin turken lantarki a can ƙarshen titi. In lambar ba ta fito tsaf ba, ya sake kwancewa. Shekara arba'in da ɗaya yana haka.

Mu kuwa ba ƙwararru ba ne. Akwai nas, akwai direban motar makaranta, akwai mu 'yan fansho da gida ya ishe mu. Yawancinmu tsofaffin gilasai muke amfani da su, irin waɗanda ba sa saita kansu: kai ne za ka leƙa, ka murɗa zobe da hannunka har hoton ya washe a idonka, sannan ka danna. Kuma ba abin da muke so kamar gardama a kan na wa ya fi kaifi. Wata rana direban da wani mai kantin magani suka kusa daina gaisawa a kan haka. Mai Gyara ya karɓi gilasansu biyu, ya ɗauki turken nan da kowanne, ya wanko hotunan ya ajiye musu ba alama. Kowannensu ya ɗauki ɗaya yana cewa, "Ka gani ko? Nawa ke nan, dubi kaifi!" Ashe kowa na ɗan'uwansa ya ɗauka. Mai Gyara ya ce, "To, ku yi musanya mana, kowa ya huta."

Nas ɗin ma tana da nata labarin. Kyamararta ta faɗa tafki tana bin wani zalɓe, ta kawo ta tana kuka. Kwana tara ya yi yana kwancewa yana busarwa yana goge funfuna da auduga. Da ta zo karɓa ta ce za ta sayi gilashi mafi tsawo don kada ta ƙara shiga ruwa, ga shi kuma akwai irinsa a shagon. Ya ce, "'Yata, ba tsawo ne ya rage miki ba, haƙuri ne. Zauna wuri ɗaya, zalɓen zai zo da ƙafarsa." Hoton da ke rataye a ofishinta yanzu da tsohon gilashin ta ɗauka.

Wannan mutumin ne zai ajiye aiki ƙarshen watan nan, ya miƙa wa babbar 'yarsa shagon. Mace ce mai 'ya'ya uku, shekara goma sha biyar tana zaune a gefensa har hannunta ya faɗa. Ranar da na hau benen, na tarar da kantocin da na saba gani cike sun yi fayau. Mutane sun zo sun kwashe kayansu ba a gyara ba. Ita tana ta kai da komo tsakanin taga da ƙofa, ta goge teburin da ba datti, ta sake gogewa.

Ta ce, "Mama, ki yi masa magana. Suna cewa in uban ya lalace ina ga wadda ya koya wa. Shago zai bar mini ko kango?"

Na juya gare shi. "Malam, gilashin Alƙali lafiyarsa lau?"

"Na gyara abin da aka kawo mini."

"Ba ita na tambaye ka ba."

Yana ta jujjuya wata 'yar sukudireba a yatsunsa, ya ajiye, ya sake ɗauka. Na zuba wa hannun ido da gangan. Ba rawa ko kaɗan. Ya ce, "Malama, mutum in ya kawo mini kayansa, wani lokaci ina ganin abin da ya fi kayan. Wannan ba nawa ba ne da zan faɗa."

"Ko da 'yarka za ta rasa masu kawo aiki?"

Ya dubi 'yar, ya sunkuyar da kai. Nan na gane abin yana cinsa fiye da yadda yake cinta, amma bai ƙara ko kalma ba.

To, ni ban yi wa kowa alkawarin shiru ba. Na buga wa Tsohon Alƙali waya na ce ya zo gidana ranar Asabar da hantsi, da kyamarar da gilashin. Ya ce me zan yi da su. Na ce, "Ranka ya daɗe, ka yanke hukunci ba a kawo shaida ba. Ƙara na ɗaukaka." Ya yi dariya, ya zo.

Na manna shafin jarida a bangon tsakar gida, na auna taku ashirin, na kafa kyamarar a kan ƙafafunta uku don kada a ce hannu ne ya motsa. Na leƙa, na murɗa, na danna. Don kada a ce son kai, na kira maƙwabciyata, wata tela da ba ta taɓa riƙe kyamara ba. Na ce, "Murɗa nan har ki iya karanta rubutun." Ta ce, "Inna, ni da ke zura zare a allura?" Ta murɗa sau biyu ta danna. Sai na kautar da zoben, na ce, "Bismillah, ranka ya daɗe."

Ya daɗe a sunkuye. Ya murɗa dama, ya dawo hagu, ya cire tabarau, ya mayar, ya goge ido da hannun riga. Ya ce rana ce ta yi yawa. Na riƙe masa lema. Daga ƙarshe ya danna.

Muka shiga falo na buɗe hotunan uku a kwamfuta, na ƙara musu girma har kowane harafi ya kai babban yatsa. Nawa ya karantu. Na telar ya fi nawa, abin da ya ɗan ɓata mini rai. Nasa kuwa kamar an zuba wa jaridar ruwa. Na sallami telar. Ya tashi ya je bakin ƙofa, ya dawo, ya zauna, ya sake tashi.

Ya ce, "Mai Gyara ya faɗa mini tun ranar da na je karɓa."

Na ce, "Me ya faɗa maka?"

"Na leƙa na ce bai fito ba. Ya murɗa mini 'yar tayar nan ta gefen wurin leƙawa har ta ƙure. Na ce har yanzu. Sai ya aiki 'yarsa sayen batir, ya rufe ƙofa, ya ce, 'Ranka ya daɗe, wannan gyaran ba a shagona yake ba. Ka je a duba idonka.' Na ce shi wane ne, likita? Na fita ban ko yi sallama ba. Da na tura hotunan gaurakan nan a zaure aka fara tsokanata wai a cikin hayaƙi na ɗauke su, sai na ce gilashi ne. Kalma ɗaya na faɗa, Malama. Sauran su suka ƙara."

"Ka kuma bar su suna ƙarawa wata uku."

Ya ce, "Ba ki san 'ya'yana ba. Ranar da suka ji ido ne, ranar za su karɓe makullin mota. Tun da uwarsu ta rasu, tafkin nan ne kawai inda nake zuwa in ji ni mutum ne. Ga tsuntsayen sun kusa tashi, sai baɗi. Wa ya san baɗi?"

Na ce, "Shi ma Mai Gyara ya san da haka, shi ya sa ya bar ka kana taka sunansa. Amma kana tuƙi da wannan idon, ranka ya daɗe, kuma akwai 'ya'yan mutane a titi."

Ya haɗa kayansa da kyar, ya kira babban ɗansa ya ce ya zo ya ɗauke shi, ya bar motar a ƙofar gidana. Kwana huɗu bayan haka ya bugo mini ya ce, "Rubuta. Ki rubuta duka, ni na sa ki."

Malam Mai Gyara, yanzu da kai nake. Kai ne ka ga ciwon mutum kafin shi ya yarda ya gani, ka faɗa masa a bayan ƙofa, ka kuma rufe bakinka a gaban jama'a. Kai ne ka hau benen nan kullum ƙarfe bakwai, kana kallon kantocinka suna zama wayam, kana da maganar da za ta wanke ka cikin minti ɗaya, ka haɗiye ta. Ba zan ɓoye maka ba, ni da ban yi haka ba, kuma har yau ina ganin ka jira fiye da kima, domin 'yarka ma tana da haƙƙi. Amma na san mutane da yawa masu iya gyara abu, kaɗan na sani da za a bar wa asiri a tafi a yi barci. Mai hannun da ba ya gaggawa, mun gode. Duk gauraka da dinya da shahon da ke rataye a bangon gidajenmu, ta cikin aikinka muka gan su. Allah ya ba ka hutu mai daɗi, ya sa wa 'yarka albarka a teburin nan.

Ku kuma 'yan zaure, da ni da ku, mu koyi abu biyu a wurinsa: mu gwada kafin mu faɗa, kuma in mun ga raunin wani mu kai masa shi kaɗai. Wanda ya kwashe kayansa ya san hanyar benen.

Ranar Litinin Tsohon Alƙali ya hau shagon, ɗansa yana riƙe da hannunsa, ya nemi gafarar Mai Gyara a gaban 'yarsa, ya ajiye mata kyamarorinsa biyu ta share masa. Gilashin da aka ce an lalata ba abin da ya same shi, gilasan cikinsa na asali ne. Likita ya ce yanar ido ce ta rufe idanun Alƙali duka biyun, za a yi masa aiki, a fara da na dama ranar sha tara ga wata.